Ƙusa a Bangon Inna

Ƙusa ce ta tona asirin bangon. Tela ya hau kujera, ya saita ta a saman taga, ya sauke mata guduma. A bugun farko ta yi gardama kamar kowace ƙusa. A na biyu ta shige har wuya, sai ka ce a jiƙaƙƙen sabulu ya soka ta. Ya tsaya da guduma a sama. Da ya sa farce ya ja, ta biyo shi ba musu, jikinta duk jan laka, da sanyi kamar daga rijiya aka tsamo ta.

"Ka tsaya kamar ka ga gawa," in ji Inna daga kan gado. "Ko gudumar ce ta fi ƙarfinka?"

Inna uwarsa ce. Ɓarin jikinta na hagu ya daɗe da shanyewa, harshenta ne kaɗai ciwon ya ji tsoron taɓawa. Gadonta a manne yake da wannan bangon, kanta daidai ƙarƙashin tagar. Inda aka kwantar da ita nan take, har sai wani ya zo ya ɗaga ta.

Labule ya zo rataya mata, kuma labulen nan ban haƙuri ne. Ranar ambaliya, babban wansa mai walda, wanda kowa a gidan ke ce wa Yaya har da uwar da ta haife shi, shi ya goyi Inna ya ratsa ruwa iya ƙirji da ita zuwa tudu. Tela kuwa an hango shi da kan keken ɗinki a ka, ya nufi wani gefen. A shago ruwan ya ritsa shi, can ƙetaren gada, gadar kuma ta riga ta nutse. Amma unguwa ba ta son dogon labari. Ɗaya ya ɗauki uwa, ɗaya ya ɗauki keke. Iya abin da aka riƙe ke nan, kuma ya isa a binne mutum da ransa.

Ruwa na janyewa Yaya ya kama gyara, ya hana kowa sa hannu. Gidan ginin ƙasa ne tun na ubansu, an yi masa rigar siminti ciki da waje. Ya kwashe taɓo, ya cike tsage, ya ƙara filasta, bai bari ta sha iska ba ya bi ta da fentin mai, shuɗi mai ƙyalli. "Ko bokiti ka watsa, ɗigo ba zai shiga ba," haka yake gaya wa masu zuwa kallo, yana bubbuga bangon kamar mai tallar sa a kasuwa. Babu wanda ya tambaye shi ta ina ruwan da ke ciki zai fita. Ba a yi wa Yaya tambaya. Kunnen Tela na dama ya daina ji tun yana yaro, ranar da ya gwada yi masa wata. Ya shimfiɗa sabuwar leda, ya ƙera gado da ƙarfe mai kauri irin na ƙofar shago, ya dawo da Inna ɗakinta, aka yi ta sa masa albarka.

Tela ya sauko daga kujera. Ya shiga duban ɗakin yadda yake duban rigar da aka kawo masa gyara: ba fuskar ba, cikin, inda ake ɓoye ɓarna. Ya durƙusa. A gindin bango fentin ya yi bororo kamar fatar da ta ƙone. Ya zaro allura daga wuyan rigarsa ya tsire ɗaya, sai ga ruwa rawaya ya tsatso ya gangara. Ƙasa da nan wani farin gari ya feso ya yi layi, kamar an barbaɗa gishiri. Ya ɗaga bakin leda. Ƙarƙashinta baƙi ƙirin, ga santsi, wani wari ya doki hancinsa, warin rijiyar da aka daina ja, wanda turaren da ake ta kunnawa a ɗakin ya danne. Kiyashi sun jeru daga wata 'yar kafa, kowanne da ƙwai a baki, suna ƙaura. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa daga ƙasa har sama. Amsa yake yi kamar ganga.

Sai ya tuna ƙofar. Da zai shigo sai da ya sa kafaɗa, ya ce a ransa kumburi ne irin na bayan ruwa. Amma ƙofar ƙarfe ce, Yaya ne ya ƙera ta, ƙarfe kuwa ba ya shan ruwa ya kumbura. Abin da ke riƙe da ita ne ya motsa.

Ya sake hawa kujera, ya danne bakin labulen a saman bango da tafin hannu, ya saki sauran. Yadi mai nauyi kai tsaye yake nufar ƙasa, ba ruwansa da wanda ya yi gini. A sama labulen na taɓa fenti. A ƙasa ya bar bango da tazarar da kyanwa za ta wuce ba ta goge shi ba. Bangon ya sunkuyo ciki, kamar mai son raɗa wa Inna wata magana.

"Inna," ya ce, "bangon nan..."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ni nake kwana da shi, ba kai ba. Ina jin ƙasa na zuba a cikinsa kamar ana tankaɗe. Jiya har tari ya yi."

"Kika yi shiru?"

"In gaya wa wa? Yaya?" Ta juyo masa da idonta mai lafiya. "Ni na haife ku, na san abin da na haifa. In na ce aikinsa ya ɓaci, a kanka zai huce, ko a kan matarsa, baiwar Allahn nan da ke kicin. Bango sau ɗaya zai faɗo mini. Ku kuwa kullum ne."

"Yau ba za ki kwana a nan ba."

"Ji mai baki. Da wane hannun za ka ɗauke ni? Ni ba keke ba ce."

Ya haɗiye wannan ma, a kan sauran. Ya leƙa tsakar gida ya kira matar Yaya. Siririyar mace ce da zaman aure ya koya wa tafiya ba motsi. Ta shigo tana goge hannu a zani. Ya nuna mata ƙusar. Ta dubi ƙusa, ta dubi hanyar ƙofar gida.

"Kullum da safe sai na tsane ruwa a nan," ta ce a hankali. "Na gaya masa. Ya ce wai Inna ce take..."

"Ƙarasa mana," in ji Inna. "Ya ce fitsarina ne. Fitsarina har ya koyi hawa bango, ni da ban iya sauka gado ba."

"Anti, kama bakin bargon can, mu fitar da ita tsakar gida."

"Yanzu zai shigo cin abinci. Bari ya ci ya koma, don Allah."

Ba ta rufe baki ba suka ji babur ya mutu a waje, sai takun takalmin aiki. Yaya ya sa kafaɗa ya ture ƙofar, ya cika ta. Ƙato ne, hannuwansa duk tabon tartsatsi, baƙin tabaran walda a goshi.

"A'a! Mai keke ne a gidanmu? Yau ruwa ya bar ka ka ƙetaro?" Sai idonsa ya sauka a kan labule a ƙasa, da ledar da aka naɗe. Dariyar ta ɗauke. "Wa ya ɗaga mini leda?"

"Yaya, zo ka gani. Duba kawai, don Allah." Ya miƙa masa ƙusar.

Yaya ya karɓa, ya jujjuya ta a haske. Sannan ya goge ta a rigar Tela, a kan ƙirji, sannu a hankali, gefe da gefe.

"Ka huda mini bango."

"Ciki duk ruwa ne. Ya sunkuyo, Yaya. In ka saki labulen nan za ka ga..."

"Ɗinkinka ne karkatacce, kamar mai shi."

"Mu fitar da ita ko na yau kaɗai. In ƙarya nake, ka yi mini abin da ka ga dama."

"Ka fito da ita unguwa na kallo, daga ɗakin da na gyara da hannuna? Ashe abin da ya kawo ka ke nan. Ranar ruwa ta wuce ka, kana neman taka ranar." Ya mai da ƙofa, ya jingina bayansa da ita. "Babu mai fita da ita. Wanda ya taɓa gadon nan, wallahi sai na karya masa hannu."

"Kai Yaya, ƙyale shi ya tafi," in ji Inna. "Kai kuma kwashi tsummanka ka ba mu wuri."

Tela ya san wannan gaɓar. Tun suna yara a nan yake sunkuyar da kai ya nemi takalminsa. Ƙafafunsa har sun fara juyawa da kansu. A daidai lokacin, ta kunnensa mai ji, ya ji abin da Inna ta faɗa: wani shuuu a cikin bango, ƙasa na zuba, daidai saitin kanta. Gudumar na hannunsa har yanzu. Ya juya ya maka wa bangon da iya ƙarfinsa.

Filasta ta fashe kamar ɓawon ƙwai. Falle guda ya ɓalle ya tarwatse a kan leda. Abin da ke bayanta ba bango ba ne. Laka ce jajir, ta bulbulo ta ramin a hankali kamar hanji daga cikin da aka farke, da tana a cikinta suna mutsu-mutsu. Wari ya cika ɗakin.

Kowa ya gani. Yaya ma ya gani, Tela kuma ya ga ya gani. Da nuna wa mutum gaskiya na kashe faɗa, da duniya ta huta tuntuni.

Marin farko a kunne mai ji ya sauka, duniya ta koma fito. Naushi ya biyo baya a baki, wani abu ya ɓalle, Tela ya ji gishirin jininsa. Ya faɗa kan kujera, kujera ta karye da shi. Takalmin aiki ya same shi a haƙarƙari, ya sake samunsa a ciki, numfashi ya tafi yawo. Guduma ta yi nata wuri. Yaya bai saurara ba. Duka yake yi kamar yadda yake miƙar da ƙarfe, a natse, yana zaɓen wuri.

Daga ƙasa, ta tsakanin ƙafafun wansa, Tela ya hango ƙofa. Babu kowa a jikinta. Ya hango matar Yaya tsaye a bakin gado, hannu biyu a kan baki. Sai lissafin ya zo masa a sarari: muddin Yaya na kansa, hanya a buɗe take. Ya ja jiki ya rungume ƙafar Yaya da hannu biyu, ya sarƙe yatsunsa.

"Anti! Ja ta! Bargon, ja shi!"

Yaya ya waiwaya. "Ke! In kika kuskura kika..."

Tela ya kafa masa haƙoran da suka rage a bayan ƙwauri, ta cikin wando, har sai da ya ji nama ya ba da hanya. Yaya ya yi wata ƙara irin ta dabba. Ya laluba ya rarumo ƙarfen labule, rodi ne da shi da kansa ya yanka, ya shiga sauke shi a gadon bayan ƙaninsa, a kafaɗa, a ƙeya. Rigar ta tsage. Tela bai saki ba. Ta ƙarƙashin hammatarsa yana kallon matar Yaya ta dage tana jan bargo, ta taka ƙafar gado tana ja. Inna ta zamo daga katifa ta faɗo ƙasa tim.

"Ku bari! 'Yan banza, ku bari! Za ku kashe juna a kaina, ni da na kusa mutuwa a kyauta!"

Matar Yaya ta ja ta a kan leda, matacciyar ƙafar na bin su a baya. Ƙofa ta ƙi. Ta sa hannu biyu ta fizga, ta sake fizga, ƙarfe ya yi kuka a kan siminti, ƙasa ta zubo daga saman ƙofar a kan ɗankwalinta. Ta buɗe rabi. Rabin ya isa.

Yaya ya ga dukan baya ba zai ɓanɓare shi ba. Ya sunkuya ya murɗo hannun Tela na dama, ya take wuyan hannun da takalmi a kan ƙasa, ya ɗaga rodi. Ya yi rantsuwa ɗazu, shi kuma mutum ne mai cika alkawari. Tela bai ji ƙarar da kunne ba, ta ƙashi ta zo masa, kamar an taka busasshen kara. Yatsun suka buɗe da kansu, kowanne na kallon inda ya ga dama. Ya yi ihu, amma idonsa na kan ƙofa, ya ga diddigen Inna ya tsallake dokin ƙofar ya ɓace.

Yaya ya kama shi ta wuyan riga da ƙugun wando, ya ɗaga shi sama ya jefa shi kan bango. Bangon bai rama ba. Da laushi ya karɓe shi, kamar katifa. Tela ya sulale ta tsakanin bango da gadon da ya goce a cikin kokawar, ya gangara ƙarƙashi.

Sai bangon ya durƙusa. Cikinsa ne ya fara fashewa daga ƙasa, laka ta kwararo, taga ta shigo ɗaki da ƙarafunta, katakon rufi ya biyo ta, kwano na ihu a sama. Duhu ya rufe, laka ta cika wa Tela baki da hanci. A saman kansa gadon ya yi nishi, ya lanƙwasa har ya taɓa masa baya, ya tsaya. Yaya ya iya walda, wannan kam ba a taɓa musu ba.

Da gwiwar hannu ya rarrafo ta ƙafar gado. Inda bango yake ɗazu yanzu rana ce, da titi, da mutane suna gudowa. Yaya na kwance rigingine, laka ta binne shi har ƙugu, katako ya gitta masa a cinya, tafin ƙafarsa ɗaya ya leƙo yana kallon inda ƙafa ba ta kallo. Ba ihu yake yi ba. Sama yake kallo, da fuskar wanda aka yi wa rashin kunya a gaban jama'a. Tela ya durƙusa ya shiga tonon laka da hannun hagu.

"Kai ka rushe shi," in ji Yaya.

"Eh. Rufe bakinka, laka na shiga."

Maƙwabta suka cika wurin, aka ɗaga katako, aka zaro Yaya. Wani ya tsinci gudumar a cikin laka ya ɗaga ta sama. Wata ta ce ai ta ji bugun tun daga gidanta. Kafin a sa Yaya a mota labari ya riga ya haɗu, gajere, yadda unguwa ke so: ƙane ya rushe wa wansa bango a ka, don baƙin ciki. Wani dattijo da bai taɓa shiga ɗakin ba ya tofa wa Tela yawu. Wani ya hankaɗa shi ta baya, guntun bulo ya zo daga cikin taro ya fasa masa goshi. Matar Yaya ta buɗe baki, ta dubi mijinta da ake cusawa a mota, ta rufe. Ita za ta yi jinyarsa, ita za ta zauna da shi bayan ya warke. Inna na kwance a tsakar gida cikin bargo tana ta faɗin abin da ya faru da iya muryarta. Aka ce Allah sarki, tsohuwa ta ruɗe.

Da taro ya watse aka tuna ba ta da wurin kwana. Kafin matar Yaya ta bi mijinta asibiti, ta zaro labulen daga laka, ta yage bakinsa ta naɗe wa Tela hannu, ta ɗora masa Inna a baya, ta ɗaure su tare da sauran yadin. Ta ja ɗaurin sosai. Haka ya bi ta tsakiyar unguwa da la'asar, jini na bin fuskarsa, har ya hau gada. Masu kallo suka ce kunya ce ta kama shi.

"Ashe ka iya goyo," in ji Inna a kunnensa na dama. Da ta tuna, sai ta koma na hagu ta maimaita.

"Kin fi keken nauyi."

"Kai ma ka fi shi ƙara."

Ɗakin da ke bayan shagonsa ƙarami ne, ginin bulo, gado ɗaya da tarin ƙyallaye. Ya sauke ta a gadon. Keken ɗinki na nan a lungu da rigar wani a bakinsa, rabin ɗinki. Ya dubi keken, ya dubi hannunsa da ya kumbura ya cika ƙyallen kamar gwanda, ya kawar da kai.

Inna ba ta kwanta ba. Bangon da ke kusa da kanta take kallo.

"Kawo ƙusa."

"Inna, hannuna..."

"Kana da ɗaya, ina da ɗaya. Kawo."

Ya nemo ƙusa a gwangwanin maɓallai, ya ɗauko dutsen guga tunda gudumar na hannun unguwa. Ta riƙe ƙusar a jikin bango da hannunta mai lafiya.

"In ka buge mini yatsa, sai na gaya wa Yaya."

Ya buga da hagu. Ƙusa ta ƙi. Ya sake bugawa, ta lanƙwashe ta yi tsalle ta faɗa bayan gado. Wani ɗan gari ya zubo a kan filo. Inna ta dangwala, ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci. A bushe yake.

"To. Gyara mini filon." Ya gyara, ta lumshe ido. "Ka je asibiti a duba maka hannun nan tun kafin ya ruɓe. In ka je, ka leƙa ɗan'uwanka. Ka tsaya daga bakin ƙofa."